Ƙararrawar da Sietse Ya Nema

Shekara ashirin da shida yayana Sietse yana nutso a kan wani mushen jirgi da ke kwance arewa da tsibirinmu, Terschelling. Ya rantse shi ne Ragna, jirgin da ya nutse da kakan babanmu, teku ta tofo kakan a gaɓa da rai shi kaɗai. Abokan nutsonsa dariya suke masa, don ba shi da shaida. Shaidar ita ce ƙararrawar jirgin mai suna a jikinta, amma bai taɓa gaya wa kowa ita yake nema ba, har ni. Mu nan haka muke. Abin da teku ta ba ka ba ka faɗa, abin da kake nema a cikinta ma ba ka faɗa.

Bana likita ya ce zuciyarsa ta gaji, nutso ɗaya ya rage masa. Ya shiga, ya fito hannu wofi. Tausayinsa ya kama ni, na ja shi shan shayi gidan ƙanwar babanmu, Gwaggo Tjitske, mai shekara tamanin da tara da baki kamar reza.

"Kai kuma wa ya mutu?" ta ce wa Sietse.

"Na gama, Gwaggo. Ban samo ƙararrawar Ragna ba."

Ta ajiye kofi. "Au, ita kake ta jiƙa wando a kanta duk shekarun nan? Tashi, sakarai."

Ta kai mu garken tumakinta, ta nuna kwanon shan ruwansu, wanda aka binne rabinsa a ƙasa. Tun muna yara ni da Sietse muke cika shi da ruwa. Ashe ƙararrawar ce. Kakan babanmu da kansa ya tsinto ta a gaɓa bayan wata guguwa, ya binne ta baki sama don kada hukuma ta gani ta ƙwace.

"Gwaggo, me ya hana ki faɗa?" in ji Sietse.

"Ka taɓa tambaya?"

Muka tono ta, Sietse ya kankare taɓon da wuƙa. Haruffa biyar suka fito ɓaro-ɓaro. Ya zauna dirshan cikin kashin tumaki yana dariya da hawaye.

"Ka kawo min bokiti a madadinta," in ji Gwaggo. "Tumakina ba ruwansu da kakanka."

Bai ma ji ta ba. Yana bin haruffan da yatsa, yana kiran sunan jirgin a hankali.