Almakashi da Numfashin Shugaba

Shugaba ake kiranta a gidan, alhali yarinya ce da ba a daɗe da yaye ta ba. Da shiɗewa ta samu sarautar. A hana ta abu, sai ta tsanyara ihu, ihun ya yanke, leɓe ya yi duhu, ta sulale ƙasa. Don haka wayar babanta ta zama tata, haka ma carbin Kaka.

Uwar, wadda tela ce, ta gaji da zaman ɗar-ɗar, ta kai ta asibiti. Likita ya auna zuciya, ya duba jini, ya ce lafiya lau, kuma ba da gangan take yi ba. Sannan ya dafa ƙeyarsa.

"Nan, a gindin ƙwaƙwalwa, akwai wurin da ke tsara numfashi, ko mutum na barci ko ya suma. Da gurɓatacciyar iska ta taru a jini, zai sa ƙirji ya ja sabuwa. Ba ya neman izinin kowa. Ki kwantar da ita ta gefe, ki jira."

Ranar gwaji ta zo da hantsi, tela na yanka hannun riga. Shugaba ta miƙo hannu tana son almakashi.

"A'a," in ji tela.

Ihu ya tashi, ya yanke. Kaka ta faɗo ɗakin da kofin ruwa, ɗankwali a kafaɗa.

"Ba ta mana! Kashe min ita za ki yi a kan ƙarfe?"

"Inna, almakashi ne fa. Ki ajiye ruwan, don Allah."

Tela ta kawar da ƙyallaye, ta kwantar da yarinyar ta gefe a gindin keken ɗinki, ta ɗora tafi a haƙarƙarinta. Shiru. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ba ta jijjiga ta ba, ba ta hura mata fuska ba. Kaka na ta salati.

Sai haƙarƙarin ya ɗago tafin, ya sauka, ya sake ɗagowa. Leɓen ya washe. Shugaba ta buɗe ido, ta nuna almakashi, ko kunya babu.

Tela ta buɗe baki za ta sake cewa a'a, maganar ta ƙi fita. Wani dogon numfashi ne ya fizgi ƙirjinta. Ashe tun da ihun ya yanke, ita ma ba ta shaƙi iska ba.