Yatsun Gwaggo

A ɗakin wanki na asibitin da Gwaggo ke aiki, cewa ake yi ɗan wan Gwaggo karatu ya yi masa yawa. Ya karanta falsafa, ya ƙara da siyasa, yanzu yana neman digirin dakta a kan yadda na'ura ke mulkar talaka. Gwaggo kuwa alfahari take yi da shi, har ranar da aka kira ta ofis.

Sabulun shekara ashirin ya cinye zanen yatsunta, na'urar shiga aiki ba ta gane ta, sai ƙawarta ke dangwala mata yatsa a ɓoye. Ɗan wan nata kaɗai ta faɗa wa. Shi kuma ya rubuta a jarida.

Da ya zo ɗakin wankin, ba ta ɗago daga gugar da take yi ba.

"Ban sa sunanki ba, Gwaggo."

"Tsofaffi nawa ne a ɗakin nan, Malam Dakta? An dakatar da ƙawata. Ni ma ranar Litinin zan san matsayina."

"Ai na'urar nake zargi."

"Na'urar ba ta taɓa kai ƙarata ba. Kai ka kai."

Ya daɗe yana kallon hannuwanta. Sannan, a gaban matan duka, ya durƙusa.

"Na ci amanarki, Gwaggo. Ki yafe mini."