Farar Tattabara a Kan Waya

Iliyasu ya daɗe yana kiwon tattabaru a gidansa da ke Garwa, amma babu wadda ta shiga ransa kamar farar nan mai baƙin wuya da ya kawo daga kasuwar Ngong. Ya ɗaure mata fiffike da zare, yadda ake yi wa baƙuwa har ta saba da gida, ya haɗa ta da wani namiji. Da safen nan ya ga kamar ta saba, ya kwance zaren. Fir! Sai kan wayar lantarkin ƙofar gida. Ta juya kai kudu, wajen Ngong. In ta tashi daga nan, ta tafi ke nan.

Ya fito da dogon ƙarfen da matarsa Hawa'u ke kaɗo mangwaro da shi.

"Malam, wayar fa?" in ji Hawa'u daga bakin zaure.

"Wayar me? Ga ta can a kai tana gyaran gashi. Ɗan taɓa ta zan yi, ta diro cikin gida."

Ya ɗaga ƙarfen ke nan sai Maxime, maƙwabcinsa mai walda, ya kwatsa ihu daga rumfarsa. "Attends! Tsaya! Kai, sarkin tattabaru, gasasshen nama kake so ka zama tun da safe?"

Iliyasu ya sauke hannu. "To ita me ya sa ba ta gasu ba? Ni na ɗauka babu wuta a bayan wayar. Ko ƙafarsu ce busasshiya?"

Maxime ya ƙaraso yana goge hannu, ya nuna masa can kusa da itacen mangwaro, inda wani jemage ya bushe a rataye. Kullum Iliyasu na wucewa ta ƙarƙashinsa, bai taɓa tsayawa ya duba ba.

"Duba shi da kyau. Ina ya riƙe?"

Iliyasu ya kare rana da tafin hannu. Ƙafafun na kan waya ɗaya, fiffiken ya manne a ta kusa da ita. Ya waiwayi tattabararsa. Ƙafafunta duka biyu a kan waya guda.

"Wuta hanyar wucewa take nema," in ji Maxime. "A jikin tattabararka ina za ta je? Wayar ta fi mata sauƙi, sai ta bi abinta. Shi kuwa wancan ya haɗa mata waya da waya."

"Ai ni ma ɗaya zan taɓa."

"Ƙafarka a ina take?"

Iliyasu ya sunkuya. Ba takalmi, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da Hawa'u ta zubar da ruwan wanke-wanke. Ya bi ƙarfen da ido, daga baki zuwa hannunsa, daga hannu zuwa ƙasa. Ya kwantar da shi a hankali, kamar mai ajiye maciji.

Tattabarar ta miƙe wuya, ta karkaɗa fiffike.

Iliyasu ya shiga gida da sauri, ya kamo namijin, ya ɗora shi a kan katanga, ya watsa dawa. Namijin ya kumbura wuya, ya hau kuka yana zagayawa. Ta karkato kai. Ta sake duban kudu, ta daɗe. Sannan ta saki wayar, ta sauka kusa da shi.

"Hawa'u," in ji Iliyasu ƙasa-ƙasa, "miƙo mini zaren nan."