Ranar Da Kawu Ya Rasa Amsa

Da na gama digirina na falsafa, Inna ta tura ni wajen ƙaninta, shugaban wata makarantar kuɗi, ko zai ba ni aji. Kawu ya karɓi takarduna a ɗakin malamai, ya ɗaga su sama ya karanta da ƙarfi.

"Falsafa. Wato shekara huɗu kina koyon gardama. 'Yar nan, wannan ko aji ba ya sharewa."

Kowa ya yi dariya, ban da malamar lissafi, wadda ta sunkuyar da kai. Na kwashi takarduna na fita, na ƙullace shi a raina.

Bayan shekara biyu, ina aiki a ofishin ƙungiyar malamai, sai ga malamar lissafin nan. Kawu ya kore ta, wai ta raina shi, alhali maki ta ƙi ƙara wa ɗan abokinsa. Na roƙi ogana ya bar ni in tsaya mata gaban kwamitin makarantar. Gaskiya ba tausayinta kaɗai ya kai ni ba.

A ɗakin karatu aka zauna, mutum biyar a dogon tebur, Kawu a gefe yana kaɗa makullin mota.

Na dubi Kawu na ce, "Yallaɓai, me ake nufi da raini a dokarku?"

"Ƙin bin umarnin shugaba."

"Kowane iri? Ko da ka ce ta canza sakamakon jarrabawa?"

"A'a. Umarnin da ke kan ƙa'ida."

"Madalla. To wane umarni ta ƙi bi?"

Makullin ya daina motsi. Ya ce ya manta.

"Wato ka raba mutum da aikinta a kan abin da ka manta? In yana kan ƙa'ida, ai faɗarsa ba wuya."

"Ke, ni fa kawunki ne."

"A gida, Yallaɓai."

Na bar shi yana gumi har shugaban kwamiti ya sa aka ɗauko takardun jarrabawar. Aka ga makin da ta ba ɗan abokin nasa daidai yake. Aka mayar da malamar aiki, shi kuma aka sauke shi kafin ƙarshen zango.

Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Ran na huɗu, tana wanke-wanke, ta ce, "Gaskiya kika tsaya wa, ko fansa kika ɗauka?"

Na ce duka biyu ne, amma fansar ta fi daɗi. Ta harare ni, ta miƙo mini kwanuka in ɗauraye.