Abin da Inna Ta Ce

Ikilima ta daɗe ba ta magana da yayanta Badaruddeen, amma duk Juma'a mutane na kallonsu a talabijin a matsayin wa da ƙanwa. Shirin ma wai labarin wani ne da ya cuci danginsa, duniya ta juya masa baya, ya dawo neman tuba. Masu kallo sai yabon yadda take harararsa suke, bayin Allah, ba su san ba wasa take yi ba.

Abin da ya raba su ba ƙarami ba ne. Ranar da jikin Innarsu ya rikice a Zariya, shi aka kira, shi da Ikilima suna tsakiyar ɗaukar wani fim nasa a Mpape. Ya mayar da waya aljihu, ya ja bakinsa ya tsuke don kada aiki ya tsaya. Sai da aka tashi ya faɗa mata. Ko da suka isa, har an dawo daga maƙabarta. Tun ranar ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Darakta Nazir ya san da zancen, sai ya samo dabara: a ɗauki ɓangarensa yau, nata wata rana, edita ta haɗa kamar suna ɗaki ɗaya. Haka aka shirya fitowar ƙarshe, inda wan zai durƙusa ya nemi gafara. An ɗauki nasa ranar Laraba. Ranar Asabar, kafin a ɗauki nata, motarsa ta kife a hanyar Kaduna, ya rasu.

Ta je zaman makoki, ana ta cewa a yafe masa, a yafe masa. Ita dai bakinta ya ƙi buɗuwa, kuma abin ya tsaya mata a rai, ba ta ci ba ta sha sai da shi.

Bayan arba'in Nazir ya kira. "Hajiya, don Allah, magana ɗaya ce tak. Ki ce 'na yafe maka', mu rufe shirin."

Ta zo gidan da suke aiki a Gwarinpa. Falon yana nan yadda yake, har da alamar da aka manna a kafet inda ya durƙusa. Nan aka ce ta kalla. Tsigar jikinta ta tashi. Amma can ƙasan ranta ta ji daɗi, ta ce ko a bakin Kauthar ne, sunanta a shirin, yau dai za ta faɗa ta huta.

Lucy, editarsu, za ta kunna muryarsa daga kwamfuta don Ikilima ta san inda za ta shigo. Lucy kuwa Hausarta ta kasuwa ce, ta ga ɗauka biyu masu kama da juna, ta danna ta farko.

Muryar ta cika falon, a dishe.

"Ikilima."

Ba Kauthar ya ce ba.

"Ikilima, na san za a kunna miki wannan, tunda ba kya saurarona. Ranar nan ba kirana kawai aka yi ba. An sa wa Inna wayar a kunne. Ke take nema. Na ce mata kina aiki. Sai ta ce in faɗa miki…"

"Cut!" Muryar Nazir ce a cikin na'urar, har da 'yar dariya. "Haba Oga Badar, Kauthar fa! A sake."

Nan ɗaukar ta ƙare. Sai ƙarar fanka.

Ikilima ta juya ta dubi Nazir. Ya cire hula yana murza ta. "Wallahi tallahi, Hajiya, na ɗauka sunan ya manta. Ban ma saurara ba."

"Bai ƙarasa ba? Bayan an kashe kamara, bai ce komai ba?"

Mai kamara ya sunkuyar da kai. A ɗauka ta biyu Badaruddeen ya bi rubutu tsaf, ya yi kukansa, ya tashi ya tafi.

Ta zame daga kan kujera ta zauna a kafet, daidai gaban inda ya durƙusa. Ta zo ne ta yafe masa, ga shi yanzu ita ce mai roƙo.

"Yaya," ta ce a hankali, "me ta ce?"

Nazir ya yi wa ma'aikata alama su kashe fitilu. Ikilima ta ɗaga hannu ta hana.

"Lucy, mayar baya."

"Madam, a nan ya ƙare fa."

"Na sani. Mayar."