Muryar da Kawu Ya Yaba

Sausan ta dire wayarta a kan teburin yayanta, tsakanin kofin shayi da tokar sigari, ta danna waƙar. Muryar ɗanta Ziyad ta cika ɗakin, tana jan jiki a kan kiɗan jita kamar mai tafiya cikin laka.

"Saurara, Yaya. Kai ne mai kunne a gidanmu. Wannan waƙa ce ko ciwo?"

Midhat bai ɗago kai ba. Ya riga ya ji faifan tun da safe, kuma ya san amsar. Aikinsa ke nan tun yana da gashi a ka: kowace Alhamis yana rubuta gajeren sharhi a kan sababbin faya-fayai a wata mujallar kiɗa ta Alƙahira, kowane sharhi bai kai faɗin tafin hannu ba, da taurarin maki a ƙarƙashinsa. Da irin waɗannan 'yan layuka ya ɗaga mawaƙa, da su kuma ya binne wasu.

Bara Ziyad ya faɗi da babur a unguwar Shubra, haƙarƙarinsa ya tsage, likita ya rubuta masa ƙwayar kashe zafi. Ranar naɗar waƙa ta zo, an riga an kama ɗakin ɗaukar sauti, sai ya haɗiyi abin da ya fi ƙima ya je ya rera. Harshensa ya yi nauyi, kalmomi suka manne da juna. Midhat bai san da zancen ƙwaya ba a lokacin. Ya ji abin da bai saba ji ba, ga shi kuma ɗan ƙanwarsa ne, sai ya rubuta cewa Alƙahira ba ta taɓa jin murya mai maye irin wannan ba. Kamfanin da ya ɗauki yaron ya yanke jimlar ya manna a bangon faifan, kamar yadda kamfanoni suke yi da duk kalmar da za ta sayar musu da kaya.

Haƙarƙari ya warke, ƙwaya ba ta tafi ba. Duk ranar da Ziyad ya zo garau ya rera da muryarsa ta Allah, sai mai haɗa sauti ya girgiza kai ta bayan gilashi ya ce ba wannan ba, a ba su irin wadda kawu ya yaba.

Sausan ta ba Midhat labarin abin da ya rage ba tare da ta zauna ba. Ranar Juma'a ta dafa wa Ziyad miyar lalo da zomo, barci ya kwashe shi da cokali a hannu har goshinsa ya shiga kwano. Ta je kamfanin, maigadi ya ce ta bar saƙo. Ta yi wa yaron kuka, ya ɗauko faifan ya nuna mata sunan yayanta a jiki.

"Da alƙalaminka ka tura shi ramin nan," ta ce, "da shi za ka ciro min shi. Ka rubuta cewa abin ba daɗi. In kasuwarsa ta mutu za su sako min ɗana."

* * *

Midhat ya sami Ziyad washegari da hantsi a wani gidan gahawa, sanye da baƙin tabarau, 'yan ƙungiyarsa suna buga dara a gefe. Wuyansa ya zama kamar na kazar da aka fige.

"Kawu mai rabon taurari! Nawa ka kawo min yau? Ko Umma ce ta aiko ka?"

Midhat ya ja kujera. Ya yi masa maganar asibiti, ya yi masa maganar uwarsa, ya tuna masa yadda yake rera waƙa a bikin dangi har tsofaffi su ajiye abinci. Ya roƙe shi ya koma wa waccan muryar. Ziyad ya saurara yana murmushi, kansa na lilo a hankali.

"Waccan muryar shekara nawa na yi ina yawo da ita gidajen biki, Kawu? Ko layi ɗaya ba ka rubuta a kanta ba."

Midhat ya ture kujerarsa baya. Gaskiya ce. Ya tashi ya bar gahawarsa ba a taɓa ba.

* * *

A ofis ya rubuta sharhin a tsaye. Ya ce abin da ke cikin faifan nan ba salo ba ne. Yaro ne yake kashe kansa a gaban na'ura. Sannan ya ci gaba: kada kowa ya saya, kada a gayyace shi wasa, a bar shi ya je asibiti, duk wanda ya tafa masa yana da hannu a jininsa. Wurin taurari ya bar shi fayau.

Nirmin, editar da ya girme ta da shekaru masu yawa, ta karanta tana taunar cingam. Ta ce tun da ta zo gidan nan bai taɓa rubuta abu mai rai kamar wannan ba, ashe tsohon doki bai mutu ba. Ya ce mata kada a taɓa ko waƙafi. Ta ce to, Malam Midhat, idonta a kan waya.

Akwai ƙa'ida ɗaya a wannan sana'a, kuma shi da kansa ya koya wa duk yaron da ya shigo ofishin: ka sa abin da ya fi muhimmanci a sama, domin in talla ta buƙaci fili daga ƙasa ake yanka. Shi mai koyarwar ne fushi ya mantar. Ranar Laraba tallar wani lemon kwalba ta shigo, mai tsara shafi ya sa almakashi daga ƙasa kamar kullum, bai ma karanta ba. Maganar asibiti ta tafi, maganar kada kowa ya saya ma ta tafi. Shafin kuma ba ya fita da wurin taurari babu komai, sai Nirmin ta cike guda huɗu don a gama a tashi.

Midhat ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ta ce za a sa gyara mako mai zuwa, aka kuwa sa, a ƙasan shafi, kusa da hasashen yanayi. Kafin nan kamfanin ya riga ya ɗauki jimlar da yake so. Faifan ya hau saman jerin waɗanda aka fi saurara, samari suka riƙa tura wa juna maganar da alamar wuta, aka cika wa Ziyad kwanaki da wasanni har zuwa ƙarshen rani. Bai kai ƙarshen ranin ba. A bayan dandamalin wani wasa a bakin teku aka same shi kwance, mutane a waje suna kiran sunansa.

* * *

Daga maƙabarta suka shiga tasi su biyu, Sausan a baya cikin baƙaƙen kaya, Midhat kusa da direba. A kan gadar Nilu cunkoso ya tsayar da su. Can sama, a kan wani dogon gini, ga allon talla: fuskar Ziyad, ido a lumshe, da manyan haruffa a ƙasa, YARO NE YAKE KASHE KANSA A GABAN NA'URA. Ƙarƙashinsu taurari huɗu, sai sunan Midhat.

Direban ya bi idonsa da kallo, ya kunna rediyo. Tun jiya, in ji shi, babu tashar da ba ta sa waƙar yaron nan, Allah ya jiƙansa.

"Amma wanda ya rubuta wancan ya san aikinsa, Alhaji. Kamar boka. Shi ma yanzu kasuwarsa ta buɗe."

Midhat ya miƙa hannu zai kashe.

"Bar shi, Yaya," Sausan ta ce daga baya. "Ba waƙar nake ji ba. Tsakanin baiti da baiti yana jan numfashi."

Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Wayarsa ta motsa a aljihu. Nirmin ce, tana yi masa ta'aziyya, tana kuma tambaya ko zai iya rubuta 'yan layuka a kan marigayin kafin Alhamis, tunda kamfanin zai fitar da sauran waƙoƙin da ya bari.

Motoci ba su motsa ba. A baya Sausan ta jingina kunnenta da lasifikar da ke jikin ƙofa, tana jiran baitin ya ƙare.