Hulba a Akwatin 'Yar Tsana

Wedad ta cusa bakin wuƙa a ƙarƙashin takardar da aka shafe cikin akwatin da ita, ta ɗaga gefe ɗaya a hankali. Akwatin bai fi tafin hannu biyu ba, irin wanda 'ya'yan Turawan zamanin da suke zuba wa 'yar tsana tufafi, murfinsa mai doro, ƙusoshinsa na tagulla. Hagg Sobhi dillali yana tsaye a kanta, tumbinsa ya tare mata haske.

Mai saye za ta iso daga Alƙahira bayan la'asar, kuma ta ce sai ta ji daga bakin Wedad. Haka abin yake a kasuwar kayan tarihi ta Attarin: in Wedad ta ce aikin Paris ne, an gama magana. Ba ta da wata dukiya sai wannan bakin.

Ta duba ƙusoshin, tsatsarsu ta zauna daidai. Takardar ta yi ja irin na tsufa. Sai ta yi abin da ta saba yi a ƙarshe: ta kankaro busasshen gam da farce, ta ɗora a harshe. Gam ɗin Turawan zamanin da, ƙarnin kifi yake yi. Wannan kuwa ɗacin hulba ne ya gauraye mata baki.

Ta ajiye wuƙar. A duk Iskandariya gida ɗaya ne ake dama gam da hulba don asu kada ya ci takarda, wato gidansu. Mahaifiyarsu ta koya mata, ita kuma ta koya wa ƙanenta Ramzi, wanda ta goya bayan rasuwar uwar. Ashe ruwan shayi ne ya tsufar da takardar, ruwan khal mai tsamin nan ya sa tsatsar. Abin haushi, har cikin tsoro ta ji ɗan alfahari, don ja'irin ya iya aiki.

Hagg Sobhi ba mai yafiya ba ne. Wanda ya taɓa cutarsa a bara, yanzu ko shayi ba a sayar masa a layin. Ramzi kuwa 'ya'yansa ƙanana ne, shagonsa ma a ginin Hagg ɗin yake.

“Sitt Wedad, kin cinye ne ko da saura?” in ji shi. “In yunwa kike ji in aika a kawo miki wake.”

Ta ce a ba ta zuwa gobe. Ya ce jirgin matar ba zai jira gobe ba. Ta tambayi wanda ya sayar masa, ita da ta sani, don dai ta samu ta numfasa.

“Ramzi mana. Wai a gidan wata tsohuwar Bagirkiya ya tsinto. Shi ma ya ce in kawo miki. Ya ce, Hagg, yayata ba ta taɓa yi wa akwati ƙarya ba.”

Wedad ta sake kallon akwatin. Wato da sunanta ya haɗa ya sayar, bai ko leƙo ya tambaye ta ba, don ya tabbata ba za ta iya tona shi ba. Wannan ya fi hulbar ɗaci.

Ta rufe murfin, ta tura akwatin gabansa.

“Gaskiya ya gaya maka, Hagg, ban taɓa yi wa akwati ƙarya ba, kuma ba yau zan fara ba,” ta ce. “Zauna tukuna. Ina so ka ji a zaune.”